Sarƙar Babur

Na-Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da tagwayenku. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Baban yara ta daina kumburi, har ya koma shago.

Na kira lambarka har na gaji, aka ce kuna can dajin da kuke ɗaukar fim, babu sabis. Shi ya sa na ba direban motar safe wannan takarda ya ajiye maka a ofishinku. Ka san ni ba mai damun dangi ba ce. Amma kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma a gidanmu ka zauna lokacin da kake makarantar koyon sana'a. Kai ka koya wa babban ɗana, Injiniya, hawa keke. Bai kamata ka ji maganar nan a bakin wani ba.

An fasa wa Injiniya idon hagu.

Ka tuna Mai Walda, abokinsa da suke rumfa ɗaya a bakin titi, shi yana gyaran babur, wancan yana liƙi? Wani mutum ne ya dawo da salansar da Mai Walda ya liƙa masa, ta ɓalle a hanya. Injiniya, ka san bakinsa, ya ɗaga salansar gaban mutane yana dariya, ya ce, "Wannan da yawu ka liƙa ta?" Kowa ya yi dariya. Mai Walda ya miƙe. Ya zagaya bayan rumfa, ya ɗauko tsohuwar sarƙar babur, ya naɗe ta a hannun dama, ya kai ta baki ya sumbace ta, sannan ya kai wa yaron duka a fuska. Da rana tsaka, a gaban masu jiran gyara.

Ina bakin aiki a ɗakin taimakon gaggawa aka shigo da shi. Jini ya rufe fuskar. Ni na sa almakashi na yanke rigarsa, ina ba ƙananan nas-nas umarni, ban san ko wane ne ba, sai da ya ce "Umma".

Mai Walda yana tsare. Lauyan da danginsa suka ɗauko ya ce yaron ba halinsa ba ne, fim ne ya juya masa kai, wato fim ɗinku na 'yan gareji, inda jarumin yake naɗe sarƙa ya sumbace ta. An ce kai ka tsara faɗan, kuma sunanka ya fito a ƙarshen fim ɗin. Lauyan zai ambace ka a kotu.

Ina so ka zo ka tsaya a kan aikinka.

Yayarka,
Nas

*

Yaya Nas,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta kwana biyu a ofis kafin mu dawo. A tsaye na karanta ta, na kasa zama. Allah ya ba Injiniya lafiya, ya ba ki juriya. Maiɗakina tana gaishe ki, ta yi kuka sosai. Tagwaye sun yi mura amma sun warke.

Yanzu ki bari in faɗi tawa, ko da za ta yi ɗaci.

Kin ce in zo in tsaya a kan aikina. Na gane. Wato in zo in tsaya gaban alƙali kamar ɓarawon da aka kama da kaya a hannu, a nuna ni a ce ga wanda ya cire wa yaro ido. Yaya, ba zan zo ba.

Sarƙar da kika ji labari ta roba ce. Ni na yanka ta daga tsohon tiyo, na shafa mata baƙin fenti. Jinin kuma ruwan sukari ne da jan kala, ƙudaje suka fi kowa jin daɗinsa. Wanda aka doka a fim ɗin, da darakta ya ce a yanke, tashi ya yi ya tambayi ina abincin rana.

Kuma ba ni na ƙirƙiro dukan sarƙa ba. Tun ina gidanku na gan shi a tashar mota, tsakanin kwandastoci biyu, lokacin ko kyamara ban taɓa riƙewa ba. Wane fim suka kalla su? A titi na tsinci abin na kai shi fim, yanzu titi ya juyo yana cewa a wurina ya koya.

Wa bai kalli fim ɗin nan ba? Direbobi sun kalla, malaman makaranta sun kalla, matan aure sun kalla suna tsefe kai. Duk gareji a ƙasar nan akwai sarƙa a rataye. Mutum ɗaya ya ɗauka ya doki abokinsa, sai a bar shi a kama ni? Idan maƙeri ya sayar da wuƙa ga gari guda, aka sami wanda ya soki ɗan'uwansa, kotu ba ta aika a kira maƙerin.

Aikin nan da shi nake ciyar da gidana, kuma ba na jin kunyarsa. Na faɗo daga kan rufi, na karye a kafaɗa, na ƙone gira, don mutane su manta da wahalarsu na ɗan lokaci. Idan kina so in zo a matsayin kawun Injiniya, in zauna bakin gadonsa, gobe ma zan hau mota. Ki faɗa min kawai. Amma kotu, a'a.

Ƙaninki,
Na-Goggo

*

Yaya Nas,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Injiniya? Yaya ƙafar Baban yara?

Wata ya wuce ban ji daga gare ki ba. Na kira, wayarki a kashe. Na tambayi direban, ya ce ya miƙa takardar ga wata 'yar aikinku a bakin ƙofar asibiti. Ke nan kin karanta, kin zaɓi shiru. To, na ji amsar.

Ki san abin da ake ciki a nan. Maganar ta shiga jarida. Wasu sun jefi motar kayan aikinmu, gilashin baya ya fashe. A makarantar tagwaye wani yaro ya ce musu babansu yana koya wa mutane kisa. Furodusanmu kuwa murna yake yi a ɓoye, don fim ɗin da ya fara kwanciya ya sake tashi, kowa yana neman ya ga wurin sarƙar. Shi ma na gaya masa abin da ba zan rubuta miki ba.

Gidan rediyo sun kira ni, na je. Mai shirin ya yi ta matsa min, wai ko zan nemi gafarar al'umma. Na ce ba zan nema ba. Na ce duk wanda ya kasa tarbiyyar ɗansa a gida, kada ya zo ya rataya wa fim laifinsa. Na faɗa, kuma ban janye ba.

Abin da ya fi min zafi ba jifa ba ne. Shirunki ne. Ke kika wanke min ciwo ranar da na fara faɗowa daga babur, kina zagina kina ɗaure min bandeji. Da zagin kika aiko, da na fi samun sauƙi.

Na-Goggo

*

Na-Goggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya gwargwadon hali. Tunda zagi kake so, ka gyara zama.

Ba shiru na yi maka ba. An tura mu babban asibitin ido a wani gari, can muka yi makonni. Wayata ta faɗa bokitin wanki tun ranar farko. Idon ya ruɓe daga ciki, likitoci suka ce idan ba a cire shi ba zai taɓa ɗayan. An cire. Ni na riƙe hannunsa har allura ta ɗauke shi. Takardunka biyu sai da na dawo na same su a aljihun tebur, ɗaya kan ɗaya.

Amma muryarka ta riga takardunka isowa. A ɗakin da aka kwantar da Injiniya, wani tsoho a gadon gefe ba ya rabuwa da rediyo. Ina ba yaron shayi da cokali sai na ji ka, tar, kana cewa wanda ya kasa tarbiyyar ɗansa kada ya rataya wa fim. Matar tsohon ta san labarinmu. Ta dube ni, ta kau da kai. Injiniya ya ce, "Umma, Kawu ne ko? Da mu yake?" Na san da iyayen Mai Walda kake, yanzu da na karanta takardarka. Amma ba ka ambaci kowa ba, kuma a unguwarmu kowa ya san ni ce 'yar'uwarka. Da na dawo har gaisuwar jaje aka yi min a kan maganarka.

Sannan ka karanta takardata da idon mai jin tsoro. Na ce ka tsaya a kan aikinka. Ina nufin ka zo ka kare shi, sakarai. Lauyan nan so yake a ce yaron ba shi da cikakken laifi, a rage masa hukunci, a ɗora sauran a kan wani abu da ba a iya kai shi gidan yari. Ni kuma ban yarda ba. Fim ba shi da hannu. Wanda ya doki ɗana yana da hannu, yana da suna, ya sha cin abinci a kwanona.

Dangin Mai Walda sun zo min da dattawa, suna cewa sharrin fim ne, in yafe a janye ƙara. Na ba su ruwa suka sha, na ce a'a. Kwamitin unguwa sun zo, wai in shige gaba a je a rufe gidan kallon da ke bayan kasuwa, tunda ni ce uwar wanda aka cuta. Su ma na ce a'a. Shugaban ya ce ina kare ɗan'uwana ne. Na ce masa ɗan'uwana ko gaisuwa ba ma yi a yanzu.

To amma kada ka saki jiki. Na sa an nemo min fim ɗin, na kalla daga farko har ƙarshe, ni da ban taɓa zaman kallon faɗa ba. Mutumin da jaruminka ya doka da sarƙa, bayan ɗan lokaci sai ga shi ya fito da ɗan filasta a goshi yana tuƙa mota. Ƙarya ce, Na-Goggo. Na tsufa ina ɗinke fuskokin samari. Sarƙa tana tafiya da fata, tana fasa ƙashin kunci. Kuma sau nawa wanda ya yi dukan yake biyo wanda ya doka har asibiti, yana cewa, "Sista, ban san haka zai yi ba." A ina suka koyi cewa ba haka zai yi ba? Kai ka nuna dukan, ka bar mana wankin ciwon.

Ban ce kai ka cire wa ɗana ido ba. Ban kuma ce hannunka fes yake ba. An sa ranar zama, Litinin ta biyu a wata mai kamawa. Ka zo da sarƙar robarka.

Yayarka,
Nas

*

Yaya Nas,

Gaisuwa mai yawa. Na iso gida lafiya. Ki gafarce ni da na wuce tasha daga kotu ban biyo gida ba. Na san kin yi girki. Ban iya ba ne.

Tunda an tsayar da ke a waje har sai da aka kira ki a ƙarshe, ba ki ji abin da ya gudana ba, bari in gaya miki da kaina.

Na miƙa sarƙar robar, alƙali ya lanƙwasa ta da yatsu biyu, har wani ya yi dariya a baya. Na ba da labarin kwandastocin tasha. Na ga abin yana tafiya daidai. Sai lauyan Mai Walda ya miƙe, a hankali, kamar wanda ba ya gaggawar komai.

Ya ce, "Kwandastocin nan da ka gani, sun sumbaci sarƙar kafin su yi duka?"

Na ce a'a.

"To wa ya kawo sumbar?"

Na ce ni ne. Darakta ya ce wurin ya yi salam, yana son abin da za a tuna, sai na ce jarumin ya sumbace ta.

"An kuwa tuna," in ji lauyan. Ya zauna.

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Na roƙi alƙali ya bar ni in ƙarasa, ya bari. Na ce sumbar tawa ce, ba na musu. Idan yaron nan ya aro wani abu daga wurina, salon ya aro. Amma fushin da ya kai shi bayan rumfa, da tsayawar da ya yi ya zaɓi sarƙa mai nauyi ya bar tiyon da ke gefenta, da fuskar abokinsa da ya auna, waɗannan ba ni na rubuta su ba. Da na kai ƙarshe, na koma na zauna.

Bayana aka kira Injiniya. Lauyan ya tambaye shi ko ya san Mai Walda yana yawan kallon fim ɗin. Ya ce, "Na sani. Tare muke zuwa, benci ɗaya muke zama. Ni na fi shi son wurin sarƙar ma, har kwaikwayo nake yi a rumfa ina ba mutane dariya." Lauyan ya ce to ka gani. Injiniya ya ce, "Na gani. Shi ma ya sha yi min dariya gaban kwastoma. Kuma kullum sarƙa tana hannuna, aikina ke nan. Ban taɓa kai wa kowa ba." Mai Walda ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗagowa ba.

Abu biyu suka hana ni zuwa gidanki. Na farko, da aka fita hutu, na sayo wa Injiniya ruwa, na miƙa masa kofi. Ya kai hannu ya kama iska, gefen kofin. Ya sake kaiwa, ya yi murmushi ya ce, "Kawu, har yanzu ban gane nisa ba." Yaya, na shirya makanta a fim, na ɗaura wa mutane ƙyalle a ido ba adadi, ban taɓa sanin mai ido ɗaya yana kuskuren kofi ba.

Na biyu, a kan matakala wata tsohuwa ta riƙe min hannun riga. Uwar Mai Walda ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana ko kaza ba ya iya yankawa. Kai ka shiga kansa." Na buɗe baki in ba ta amsar da na ba alƙali, sai na ga ba za ta shiga ba. Na zare hannuna na tafi.

Kada ki ɗauka na tuba. Jibi za mu fara sabon aiki, akwai faɗa a ciki, kuma ni zan tsara shi. Furodusa ya buga sabon hoton talla na tsohon fim ɗin, an rubuta "Fim ɗin da ya kai kotu". Na ce idan hoton nan ya hau bango, ni da shi mun gama, kuma zan koma rediyon nan in faɗi wanda ya ci ribar idon yaro. Ya naɗe hoton, bai liƙa ba. Na kuma gaya wa darakta cewa a sabon aikin, wanda aka doka ba zai tashi da filasta ba. Ya ce masu kallo ba sa son ganin jinya. Muna kan jayayya.

Tambaya ɗaya nake da ita, ki amsa min ba tare da kara ba. Ke a ranki, tsohuwar nan gaskiya ta faɗa?

Ƙaninki,
Na-Goggo

*

Na-Goggo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Abincin da ka guje wa, maƙwabta sun gode.

An yanke hukunci. Alƙali ya ce ya saurari maganar fim, amma wanda ya zagaya ya zaɓi makami ya dawo yana cikin hankalinsa. An ba Mai Walda shekaru a gidan yari. Ban yi murna ba, ban kuma yi nadama ba.

Kwamitin unguwa sun rufe gidan kallon ba tare da ni ba. Mai gidan kallon ya koma sayar da gawayi, samarin kuma suna zaune a bakin rufaffiyar ƙofar suna kallon abin da suka ga dama a waya. Matar shugaban kwamitin ta daina amsa gaisuwata. Ina ci gaba da gaishe ta, da ƙarfi, don ta ji daɗin ƙin amsawa.

Injiniya ya koma rumfa. Yana zuba mai ya zube gefe, yana neman ramin noti da yatsa kafin ya sa sifana. Baban yara ya ce ya dawo shago ya zauna. Ya ƙi. Bakin nan nasa kuma yana nan, ko jiya ya ce wa wani kwastoma rabin kuɗi zai biya tunda da rabin ido aka yi gyaran.

Ka tambaye ni ko tsohuwar ta yi gaskiya. Ba zan wanke ka ba, ba kuma zan ɗora maka kayan wani ba. Ka ji lauya, ka ji Injiniya, ka ga kofin. Ka ware naka ka ɗauka, kai ka fi kowa sanin nauyinsa. Jayayyarka da darakta kuwa, kada ka sassauta. Idan yana son ya san yadda fuska take bayan sarƙa, ka kawo shi ɗakinmu ranar kasuwa, zan ba shi kujera.

Ita tsohuwar na gan ta shekaranjiya. Hawan jini ya kawo ta asibiti, jiri ya kwashe ta a layi, kuma ni ce a kan tebur. Wata abokiyar aikina ta raɗa min ko in bar mata ita. Na ce a kan me? Na zaunar da ita, na naɗa mata abin awo a dantse. Jinin ya hau sosai. Ba ta dube ni ba, ni ma ina kallon agogon awo. Can sai ta ce, a hankali, kamar mai roƙo, "Sista, ke ma kin san fim ɗin nan ne."

Na ga abin da take so. Kalma ɗaya ce, in ce e, ta samu ta yi barci. Na tausaya mata har cikin raina, don ni ma uwa ce. Na kwance abin awon, na gyara mata mayafinta da ya zame.

Na ce, "Ɗanki ne ya yi, Inna. Miƙo ɗaya hannun."

Ta miƙo.

Yayarka,
Nas